Keso: tarihin adadin 20,000 a lissafin Hausawa

Keso, wanda asalin ma'anarsa tsohuwar tabarma ce, shi ne sunan da Hausawa suka ba wa wuri 20,000, wato zambar ashirin, saboda a ƙunshin tabarma ake ɗinke wannan adadi ya zama kaya guda, kuma akan ce masa jaka. A ƙarni na 19, lokacin da wuri daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya yake kuɗi a Zazzau da Kano da Katsina, da keso ake ƙiyasta haraji da babban cinikin fatake. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ga ana ƙirga wuri a Tasawa a 1851, ya bayyana cewa biyar-biyar ake jansa da yatsu ana tsibawa, kuma a Kano wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya, don haka keso dala takwas ne cif.

Dacewar adadin da kasuwa tana cikin gininsa, domin idan aka warware shi zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, za a sami biyu guda biyar da biyar guda huɗu ana ninka su da juna, wato 32 sau 625. Saboda haka cika ne, ba mara ba, kuma lambobi 30 ne suke raba shi ba saura, ciki har da hauya 20, zangu 100, metan 200 da dubu, waɗanda su ne matakan ƙirgar wuri, amma idan aka kasa shi uku sai wuri biyu su ragu. A rabon lambobi da Nikomakus na Jarash ya yi wajen shekara ta 100 Miladiyya, wanda malaman hisabi suka gada da sunayen za'idi, naƙisi da tammi, keso za'idi ne, wato mai rara, domin jimillar masu raba shi, ban da shi kansa, 29,203 ce.

Gwamnatin mulkin mallaka ta Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, sannan fam da sule da kwabo suka maye gurbinsa, har sunan jaka ya koma kan fam 100, wanda kwabo 24,000 ne a lissafin kwabo 12 sule, sule 20 fam.  Da aka fito da naira a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, jaka ta zama naira 200, kuma da yake kwabo 100 ne naira, sai jakar ta sake komawa 20,000, wannan karo a kwabo.