Man Jirgi da Laifin Matuƙi: Haɗarin Monterey na 1997

Tun farkon zamanin ƙananan jiragen sama, matuƙa sun fi dogara ga agogo wajen ƙiyasta sauran man da ke tanki, domin ma'aunin mai bai cika faɗin gaskiya ba. A jirgin Piper Cub, wanda ya yi fice a Amurka daga 1938, ma'aunin 'yar waya ce da aka soke a jikin toshiya mai yawo a kan mai, tana leƙowa ta murfin tanki, tana nutsewa yayin da man ke raguwa. Dokar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta wa mai tuƙi da gani da ido ya tashi da rarar man minti 30 da rana, ko minti 45 da dare.

Masu binciken haɗari suna rarrabe ƙarewar mai ƙurmus da yankewarsa, wato halin da mai yake nan a wani tanki amma bai isa inji ba, saboda ba a juya famfon da ke sauya tanki ba. Irin na biyun ne ya rutsa da mawaƙin Amurka John Denver ranar 12 ga Oktoba, 1997, lokacin da jirginsa ƙirar Long-EZ ya faɗa teku a gaɓar Monterey ta jihar Kalifoniya. Burt Rutan, wanda ya zana jirgin, ya tsara famfon ya kasance tsakanin ƙafafun matuƙi, amma mutumin da ya harhaɗa wannan jirgi da hannunsa ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, inda sai an murɗa jiki kafin hannu ya kai. Denver bai ƙara mai kafin tashi ba, kuma hukumar binciken haɗura, NTSB, ta gano cewa garin juyawa ya kama famfon ne ƙafarsa ta danne fedar da ke karkata jirgi dama, jirgin ya ƙwace masa.

An saba taƙaita wannan haɗari da cewa kuskuren matuƙi ne, kuma lalle rashin ƙara mai sakaci ne da ba shi da uzuri. Sai dai taƙaitawar ta rage gaskiya, domin hukumar da kanta ta lissafa mazaunin famfon, da rashin alama a jikinsa da jikin ma'aunan mai, da ƙarancin horon Denver a kan irin wannan jirgi, a cikin abubuwan da suka taimaka wajen aukuwar haɗarin.