Karen Talaka: Tarihin Larca, Barbarar Karen Kiwo da Karen Gudu a Ingila

A ƙauyukan Ingila, da Wels, da Sikotlan, da Ailan, akwai wani karen farauta da ake kira larca. Ba shi da takardar asali, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, wadda aka kafa a shekara ta 1873, ba ta sanya shi cikin jinsunan da ta amince da su ba. Ɗan ruwa biyu ne: ɗaya daga cikin iyayensa dogon karen gudu ne mai farauta da ido, wanda ake kira girehawund, ɗayan kuma karen aiki ne. Cikin ire-iren wannan haɗi, wanda ya fi daɗewa da suna shi ne wanda ake yi da karen kiwon tumaki, watau koli. Tarihin wannan kare yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin talakan ƙauye, domin kusan duk halin da ake yaba masa, doka da yunwa ne suka sa aka nemi shi.

Dokar da ta raba farauta

A shekara ta 1389, zamanin Sarki Ricad na Biyu, majalisar Ingila ta yi doka cewa duk wanda ba shi da ƙasar da ke kawo masa sule 40 a shekara, ba shi da izinin riƙe karen gudu, ko raga, ko wani kayan kama barewa da zomo. Wanda ya taka dokar, hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya. Shekara takwas ke nan bayan boren talakawa na 1381, kuma dokar da kanta ta koka cewa masu sana'a da ƴan ƙodago suna fakewa da farauta su taru suna ƙulla makirci. Ashe tun farko, tsoron taron talakawa yana cikin abin da ya hana su kare.

A 1671, zamanin Sarki Calas na Biyu, aka ƙara tsanantawa. Sai mai ƙasar da ke kawo fam 100 a shekara ke da ikon farauta, kuɗin da ya ninka abin da ɗan ƙodago ke samu sau da yawa. Manomin da ke hayar gona yana kallon zomo na cin shukarsa, ba dama ya taɓa shi. Dokar ta ba masu gadin daji na attajirai ikon ƙwace bindigogi, da raga, da karnuka, kuma ta ambaci larca da sunansa. Wannan yana gyara wani zance da ake yawan maimaitawa, wai an ƙirƙiro larca ne don doka ba ta san da shi ba. Doka ta san da shi sarai. Abin da haɗin ya amfana shi ne kamanni: kare mai kaushin gashi da ke bin makiyayi ba ya jan ido kamar siririn karen gudu, wanda kowa ya gan shi ya san aikinsa.

Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, majalisa ta yi dubban dokoki na shinge filayen gayya, inda a da talaka ke kiwon saniyarsa da tsintar itace. Da filayen suka koma hannun manyan masu ƙasa, nama ya yi wa gidan ɗan ƙodago nisa. Dokar farautar dare ta 1828 ta tanadi ɗaurin wata uku da aikin wahala a karon farko, wata shida a karo na biyu, a na uku kuwa ana iya korar mutum zuwa ƙetaren teku har shekara bakwai, galibi Ostareliya. Duk da haka mutane ba su daina fita ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Abin da littattafai suka shaida

Tun a 1570, likita Jon Kayas, cikin littafinsa na Latin a kan karnukan Birtaniya, ya siffanta wani kare da ya kira ɓarawo, mai fita da dare ba haushi, ya kama zomaye ya kai wa ubangidansa. A 1790, Tomas Biwik ya rubuta cewa larca bai kai karen gudu tsawo ba, ya fi shi kaurin gaɓoɓi, gashinsa da kaushi, kuma saboda ɓarnar da ake yi da shi an hana riƙe shi har ya kusa ƙarewa. A 1845, likitan dabbobi Wiliyam Yuwat ya bayyana cewa asalinsa haɗin karen gudu ne da karen makiyayi. Masu sha'awar larca kuma suna danganta wani tsohon iri na lardin Nofok da karnukan masu koro shanu da tumaki zuwa kasuwar Simitfil ta birnin Landan, wadda aka daina sayar da dabbobi masu rai a cikinta a 1855. Waɗannan fataken dabbobi, da kuma Romawa masu yawo da keken doki, suna buƙatar karen da zai yi tafiyar yini, sa'annan da magariba ya samo abin sawa a tukunya.

Gudummawar kowane ɓangare

Karen gudu yana kaiwa kusan kilomita 70 a awa guda. Yana bin dabba da ido, ba ya haushi a kan gudu. Amma ƙarfinsa na ɗan lokaci ne. A filin tsere, mita 500 yake cinyewa cikin kusan daƙiƙa 30, daga nan sai hutu. Fatarsa siririya ce, ƙaya da waya suna yaga ta, yatsunsa kuma suna saurin gocewa a ƙasa mai duwatsu. Uwa uba, in ya hangi abin bi, kiran ubangidansa ba ya shiga kunnensa.

Karen kiwo kuwa an gina shi ne a kan tuddan iyakar Ingila da Sikotlan, inda yake wuni yana zagaye garke cikin ruwa da sanyi, yana sauraron fito daga nesa. An yi gasar karnukan kiwo ta farko a garin Bala na Wels a 1873, kuma wani kare mai suna Ol Hem, da aka haifa a 1893 a lardin Notambalan, shi ne kakan mafi yawan koli na yau. Abin da wannan jini ke kawowa shi ne juriya, da taurin tafin ƙafa, da gashi mai kare sanyi, da hanci, da kuma son aiki tare da mutum.

Idan haɗin ya yi kyau, ana samun kare mai tsawon santimita 55 zuwa 65 a kafaɗa, wanda bai kai karen gudu sauri ba, amma yana iya gudu sau da yawa a dare guda. Yana kwantawa in an ce ya kwanta, ya jira a bakin shinge, ya tsallake ƙofa, ya wuce tsakiyar tumaki bai ɗaga kai ba. Yana ɗauko zomo da taushin baki ya miƙa shi a hannu, wani lokaci da ransa, ba tare da ya ɓata naman da za a ci ko a sayar ba. A zamanin da haushi ɗaya kan iya kai mutum kurkuku, waɗannan halaye sun fi sauri daraja. Masu kiwo sukan bambanta rabi da rabi, wanda ya dace da tudu da sarƙaƙiya, da kuma wanda aka sake haɗawa da karen gudu, ya zama kashi uku gudu kashi ɗaya kiwo, domin buɗaɗɗen fili.

Ayyukansa

Ingila tana da zomo iri biyu da suka shafi wannan tarihi: babban zomon fili mai nisan gudu, da ƙaramin zomon rami mai zama jama'a. Don kama na fili, mafarauci yakan shimfiɗa raga a ƙofar gona da dare, ya tura kare ya zagaya shiru ya koro zomon ta hanyar da ya saba bi. Wannan kora ce irin ta makiyayi. Don na rami, ana sakin wata ƴar dabba mai kama da tunku cikin rami, an rufe bakunan da raga. Kare ne ke nuna ramin da ke da zomo, ya tsaya cik, ya cafke wanda ya kuɓuce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma farauta da fitila mai batir ta yaɗu: a haska zomo, kare ya bi hasken, a kashe fitila ya dawo.

Aibinsa

Mafarauta ba su ɓoye raunin wannan haɗi ba. Wayon da ake yabo yakan juya: wani karen, in ya lura zomo ya yi nisa ko ya kusa shinge, sai ya ƙi bi, ya zaɓi mai sauƙi. Yana da saurin jin haushin tsawa, mai zafin hannu yakan lalata shi tun yana kwikwiyo. A manyan filayen gabashin Ingila, inda zomon fili ke gudun minti uku ko huɗu, masu gasa sun koma ga haɗi da saluki na ƙasashen Larabawa. Bugu da ƙari, ƴaƴan ciki ɗaya ba sa fitowa daidai, kuma haɗa karnuka biyu masu dabbare-dabbaren gashi irin na wasu koli yana haifar da kurame da makafi.

Daga 1831 zuwa yau

Dokar 1831 ta soke sharaɗin mallakar ƙasa, ta 1880 kuma ta ba mai hayar gona ikon kashe zomayen gonarsa. A 1953 wata cutar zomo, da aka saki a Faransa shekara ɗaya kafin nan, ta shiga Birtaniya ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomon rami, aikin larca ya ja baya. Da zomaye suka farfaɗo, littattafan Kanar Ted Walsh a 1977 da malamin makaranta Birayan Filama a 1979 sun dawo da martabarsa, na biyun kuwa ya fi kowa yaɗa sunan haɗin koli.

Sa'annan doka ta sake juyowa, wannan karon da hujjar tausayin dabbobi. Dokar 2004, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairu 2005, ta hana bin zomon fili da barewa da karnuka a Ingila da Wels, ta bar zomon rami da ɓera bisa izinin mai ƙasa. Gasar Kofin Watalu, da ake yi tun 1836, ta ƙare a wannan shekara. A 2022 an ƙara tsananta hukuncin masu bin zomon fili, a 2023 kuma Sikotlan ta sanya zomon rami ma cikin hani. Faransa ta riga su, tun da dokar 3 ga Mayu 1844 ta hana farauta da karen gudu. Yau larca da yawa karnukan gida ne, wasu kuma suna cika gidajen tsare karnukan da aka yasar.

A arewacin jihar Tawa, makiyayan Azawak suna da nasu dogon karen, wanda Abzinawa ke kira oska, mai gadin zango da bin zomo da barewa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, inda aka buɗe masa rajista, alƙalai suna auna shi da siffa. Larca bai taɓa shiga irin wannan rajista ba, shi ya sa masu shi suka ci gaba da zaɓen uwa da uba bisa abin da suka gani a fili. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu; talakan Ingila, da doka ta tsaya a kansa ƙarni biyar, ya gane cewa gudun ba ya kai nama gida sai karen yana jin kira.