Daga Teburin Rediyo zuwa Filashin: Gyaran Salula a Ƙasar Arewa

Masu gyaran salula na farko a Dogon Dutsi masu gyaran rediyo ne da rakoda da agogo. Sun riga sun san darma da ƙarfen liƙi, sun iya bin hanyar wuta a jikin allo har su gano inda ta yanke. Kawuna, ƙanen innata, yana cikinsu, kuma a gefen teburinsa na fara zama ina yaro, ina tsince masa ƙananan kusoshin da suka faɗa cikin rairayi. A zamaninsa rediyo ce babbar kadarar magidanci. Da ita ake jin Muryar Sahel daga Yamai, da Rediyon Kaduna, da sashen Hausa na BBC wanda ya fara watsa shiri tun 1957. Rakoda kuwa aikinta ya wuce sauraren Ɗan Anace da Shata. Ɗan cin rani a Legas ko Abijan ko Kumasi zai naɗi muryarsa a kaset, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi kuɗin da ya aiko da yadda za a raba su, ya damƙa wa direba. A Matankari ko Geceme sai a taru bayan isha'i a saurara. In rakoda ta ci zare, wurin kawu ake kawowa. Ya kan zare shi a hankali, ya liƙe inda ya tsinke, ya naɗe da biro, kuma ba ya kunna kaset ɗin wasiƙa sai mai shi yana tsaye.

A wancan lokaci tarho na girke yana gidan waya da ofisoshin gwamnati. Mai son magana da ɗansa sai ya yi sammako daga ƙauye, ya bi layi a telesantar, ya biya minti da tsada. Abin ya sauya a 2001, shekarar da Celtel ta buɗe layinta a Nijar. SahelCom, reshen Sonitel, ta biyo baya, sai Telecel da ta koma Moov, sai Orange a 2008. Sunayen sun yi ta canzawa: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Sonitel da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecom a 2016, Orange ta koma hannun Zamani a ƙarshen 2019. Har yau akwai tsofaffin da in ka tambaye su layinsu za su ce maka Celtel.

Najeriya ma a 2001 ta samu salula, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai. Iyaka ta ratsa ƙasar Arawa ta raba dangi: Kangiwa da Bacaka suna jihar Kebbi, mu muna jihar Dosso, amma aure ɗaya, kasuwa ɗaya. Saboda haka salula ta shigo mana ta ƙofa biyu. Wasu an sayo su Yamai ta babbar hanyar da ta ratsa Dutsi zuwa Ƙonni, wasu sun shigo a aljihun 'yan cin rani ta Kamba da Birnin Kebbi da Sakkwato. A ƙauyukan bakin iyaka mutum ya kan riƙe pus biyu, wato sim, na nan da na can, ya hau tudu ya nemi wanda rezonsa ya fi ƙarfi.

'Yan kasuwar hatsi ne suka fara gane amfaninta. Da, sai dillali ya hau mota ya je ya ga kuɗin gero da wake da idonsa. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar na tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ita ce kuma da abokan aikinta suka gwada koyar da manya karatu da salula a ƙauyukan Dosso da Damagaram daga 2009. Mu a teburi abin da muka gani shi ne, mutumin da bai taɓa shiga lakkol ba ya haddace lambobi goma, yana gane sunan ɗansa da siffar baƙaƙen.

Zamanin Nokia zamanin hannu ne. 3310 da 1100 mai tocila ciwonsu sananne: sun faɗa rijiya ko tulu, bakin caji ya saki, madannai sun cinye, lasifika ta toshe da ƙura. Buroshin haƙori da ɗan fetur da rana mai zafi sun tada da yawa daga cikinsu. Kawu ya yi wannan aikin ba tare da gargada ba, don bai yi nisa da rediyo ba. Inda ya ja da baya shi ne ranar da kwamfuta ta hau teburi. Wayoyin da aka kawo daga Turai a ɗaure suke da layin ƙasarsu, sai an buɗe su, kuma buɗewar tana son akwatin filashin, wato na zuba manhaja, irin su UFS da JAF. Samari ne suka je suka koyo, wasu a Yamai, mafi yawa a Najeriya, a kasuwar Farm Centre ta Kano da kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Suka dawo da tsohuwar kwamfuta da faya-fayan CD cike da fayil. Shi ya sa har gobe bakin mai gyara a Dutsi gauraye yake, rabi daga Faransanci rabi daga Ingilishin kasuwar Kano.

Daga wajen 2008 wayoyin Sin suka cika kasuwa, masu pus biyu da lasifika mai tashin unguwa. Da su sana'ar turi ta kafu: a zuba maka wa'azi da finafinan Kano da kokowar Takobi a katin memori, ka biya dala ashirin ko talatin. Ina so mai karatu ya lura da abu ɗaya game da wancan lokaci. Lambobin mutum suna cikin pus, waƙoƙinsa da hotunansa suna cikin kati. In waya ta rikice, ka zare pus, ka zare kati, ka wanke ta tas da akwatin Miracle ko Volcano, ka mayar. Mai ita bai yi asarar komai ba.

Android ce ta rushe wannan sauƙin. Da Tecno da itel da Samsung masu shafawa suka yi araha, WhatsApp kuma ta kawo saƙon murya a 2013, sai wasiƙar kaset ta dawo da ƙarfinta, ta koma cikin aljihu. Mutanenmu masu magana ne, rubutu bai dame su ba. Bashin buhun dankali, alkawarin sadaki, shaidar cinikin gona, muryar wanda ya tafi Aljeriya ko Libiya, duk suka taru a cikin ƙwaƙwalwar da ke liƙe jikin allon waya, wadda ba a zarewa. Daga nan ciwon da ya fi tada hankali a teburinmu ya zama wanda ba a gani da ido: waya ta maƙale a rikabari.

Ga yadda abin yake. In ka danna maɓallin kunnawa, wata 'yar ƙaramar manhaja ce ke fara farkawa. Aikinta ta duba babbar manhajar waya, in ta same ta cikakkiya ta miƙa mata ragama. In kuwa ana cikin zuba sabuwar manhaja wuta ta ɗauke, ko kebul ya motsa, ko batir ya mutu, ko fayil ɗin na wata waya ne, sai a bar babbar manhaja rabi sabuwa rabi tsohuwa. Kamar rumbun da aka yaye wa tsohon jinka, hadari ya taso ba a ɗora sabo ba. Mai dubawar ta ƙi miƙa ragama, ta tura wayar ɗakin agajin gaggawa, ta tsaya nan. A Android sai ka ga ɗan mutum-mutumi kwance da jan alwatika a ƙirjinsa, ko jerin ƙananan rubutu. A iPhone hoton kebul da kwamfuta. Ka kashe, ka kunna, nan za ta dawo.

A cikin jerin rubutun nan akwai layin da ke share komai ya mayar da waya yadda ta fito daga kamfani. Shi ne hanya mafi sauri, kuma shi ne nake hana yarana taɓawa sai an gama da sauran. Da fari a duba maɓallin ƙara murya. Ƙurar hunturu da gumi su kan danne shi, waya ta yi ta shiga rikabari alhali lafiyarta ƙalau. Tsinken allura da ɗigon sinadarin wanki sun isa. Sai a cika batir, a canza kebul, a canza bakin da aka soka a kwamfuta. Sai a nemi fayil ɗin da ya dace da lambar da ke jikin allon wayar, don waya biyu masu suna ɗaya kan zo da kayan ciki daban.

Wani dattijo dillalin dabbobi daga wajen Kore Mai Ruwa ya taɓa kawo mini tasa a naɗe cikin hula. Wani yaro ya ce zai sabunta masa ita, aiki ya tsaya a tsakiya. Ya ajiye ta a teburi ya ce, "Ɗana, wagga abu ba kuɗinta ad damuwata ba. Bashin mutane na ciki, da wanda nika bi da wanda aka bi na." Na ce, "Baba, in na yi sauri za ta tashi yanzu, amma wayam. In ka ba ni zuwa gobe, zan gwada ta tashi da kayanta. Ban yi maka alkawari ba." Ya ce ya ji. Wayar mai ƙwaƙwalwar MediaTek ce, don haka SP Flash Tool na buɗe. Fayil ɗin sai da dare ya yi rezo ya saki sannan ya sauko. A cikin manhajar akwai jerin sassan waya, kowane da 'yar alama a gefensa. Na cire alamar daga sashen da ke riƙe da kayan mai waya, na zaɓi zubawa kaɗai ba tare da wankewa ba, na kashe wayar na soka kebul. Jan layi ya wuce, rawaya ya fara tafiya. A irin wannan lokaci ba na barin kowa ya jingina da teburi. Koren da'ira ta fito, wayar ta daɗe a kan tambarinta, sannan ta nemi zanen sirrinsa. Da ya zo da safe bai duba hoto ko ɗaya ba, saƙon murya ya buɗe ya kara a kunne.

Da an zaɓi wanke duka, ban da bashin da zai tafi, lambar IMEI ma kan goge, waya ta tashi ba ta ganin rezo. Kuma ba kullum ake dacewa ba. Ƙwaƙwalwar ciki tana da iyakar rubutun da take ɗauka. In ta gaji, ko sau nawa ka zuba fayil tsayawa zai yi a wuri ɗaya. Wayoyin yanzu kuma suna rufe kayan cikinsu da sirri, abin da aka share ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan zai dawo da shi, ka riƙe kuɗinka.

iPhone ba ta da yawa a nan, sai a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda aka aiko wa ta hannu. Tata ƙa'idar ita ce a fara da sabuntawa a iTunes kafin mayarwa, don ta farkon ba ta taɓa kayan mutum. Wahalar tana wurin intanet: fayil ɗinta giga da yawa ne, kuma in saukowa ta wuce minti 15 wayar kan fita daga rikabari, sai an sake shigar da ita. Lambobin kuskure 9 da 4013 da 4014 na nufin magana ta yanke tsakaninta da kwamfuta. Sau da yawa kebul ne. In an canza kebul da kwamfuta, an gwada ta hanyar DFU wadda ta fi rikabari zurfi, lambar ta ƙi sauyawa, to ciwon yana jikin allo.

Sai makullai. Apple ta sa nata a 2013, Google ta sa nata a 2015, don ɓarawo ya kasa amfani da wayar da ya wanke. Niyya mai kyau ce, na kuma yarda da ita. Amma a ƙasarmu da yawa daga masu waya ba su suka buɗe asusunsu ba. Yaron shago ne ya buɗe ranar da aka saya, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa, ya manta kafin la'asar. Sai a wanke waya, ta tashi tana tambayar abin da mai ita bai taɓa ji ba. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan kowane lalacewar ƙarfe, domin mu 'yan sana'a muka jawo shi. Ni duk asusun da na buɗe wa mutum sai na rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, in ce ya ajiye tare da katin ɗan ƙasa. Wanda kuma ya kawo waya a kulle ba kwali ba shaida, ba wanda ya san shi, ba na taɓa ta.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada sana'ar. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, gilas da batir suka yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya har Maris 2024. A watannin nan duk mai filashin da ba shi da faranti mai amfani da rana da batirin ajiya ya daina karɓar aikin manhaja, don zuba fayil a kan wutar da ba ta da tabbas kashe waya ne. Sabbin wayoyi kuma da yawa ba sa karɓar fayil sai da izini daga wata kwamfuta a wata ƙasa, izinin kuma saye ake yi ta intanet.

Tun da Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, teburan gyara sun ƙaru can da Dumega da Geceme, yawancinsu na yaran da suka koya a Dutsi. Hannunsu na da kyau, suna canza gilas da bakin caji cikin minti kaɗan. Manhaja kuwa daga bidiyon YouTube suke koyonta, cikin harsunan da ba su ji sosai, suna kwaikwayon inda aka danna ba tare da sanin dalili ba, kuma yawancin wayoyin da ke zo mini a maƙale daga nan suka samo ciwon. Cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu suna koyar da ɗinki da walda da kafinta. Ina roƙon a sa gyaran salula a cikinsu, a koyar da shi da Hausa, da kwamfuta ɗaya da faranti ɗaya da tsofaffin wayoyin da yaro zai lalata ya gyara kafin ya taɓa ta mutane. A Dutsi kaɗai akwai masu gyaran da za su iya koyarwa, in an neme su.