Tarihin Binciken Bin Jama'a da Biyayya ga Na Gaba

Binciken bin jama'a reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam a cikin zamantakewa. Yana neman gano abin da ke sa mutum ya sauya maganarsa ko aikinsa, wani lokaci har da abin da ya gaskata, saboda ya ga sauran mutane sun karkata wani gefe, ko saboda na gaba da shi ya ba da umarni. Batun ya daɗe a bakin masu hikima, amma shigar da shi ɗakin gwaji a auna shi da alƙaluma aikin ƙarni na ashirin ne, kuma mafi yawan gwaje-gwajen da suka yi suna a Amurka aka yi su, tsakanin 1935 da 1971.

Kafin nan hasashe ake yi. A 1895 wani Bafaranshe, Gustave Le Bon, ya fitar da littafi kan halin taron jama'a, inda ya ce da zarar mutum ya shiga taro sai hankalinsa ya gushe. Littafin ya yi tashe ƙwarai, sai dai babu awo a cikinsa, kuma tsoron boren talakawa ya fi hujja yawa.

Cikin waɗanda suka fara aunawa akwai Muzafer Sherif, ɗan ƙasar Turkiyya da ya yi karatu a Jami'ar Columbia. A 1935 ya riƙa shigar da mutane ɗaki mai duhu dulum, ya kunna ɗan ɗigon haske guda. Hasken ba ya motsi, amma a irin wannan duhun ido yakan ga kamar yana yawo. In mutum shi kaɗai ne, kowa da kintacensa na nisan da hasken ya tafi. In aka haɗa su biyu ko uku suna faɗa a fili, sai kintacen ya riƙa matsowa har su tsaya a wuri ɗaya ba tare da sun shawarta ba. Ko da aka raba su daga baya, kowa ya ci gaba da riƙe awon da rukuninsa ya tsayar.

Solomon Asch, Bayahuden da aka haifa a Warsaw a 1907 iyayensa suka yi ƙaura da shi Amurka, bai gamsu ba. A ganinsa, inda babu amsa ta gaskiya, bin wasu ba abin mamaki ba ne. Sai ya tsara gwajin da amsarsa ke fili ƙarara, ya fara wallafa sakamakonsa a 1951 yana koyarwa a Kwalejin Swarthmore. Ana zaunar da ɗalibai bakwai zuwa tara, a nuna musu kati biyu: ɗaya da layi guda, ɗaya da layuka uku masu tsawo daban-daban. Tambayar ita ce wanne cikin ukun ya yi daidai da na farko. Duk waɗanda ke zaune 'yan haɗin baki ne in ban da mutum ɗaya, wanda aka ajiye kusa da ƙarshen layi don ya ji amsar kowa kafin tasa. A zagaye 12 cikin 18, 'yan haɗin bakin sukan faɗi amsar da ba daidai ba, baki ɗaya, fuska a ɗaure.

Cikin mutum 123 da aka gwada, kusan kashi 37 cikin ɗari na amsoshinsu a waɗannan zagaye sun bi na taron, alhali in mutum shi kaɗai ne kuskurensa bai kai kashi 1 ba. Kimanin uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Littattafan karatu sukan tsaya nan, su nuna ɗan Adam a matsayin ɗan bi yarima a sha kiɗa. Wannan rabin labarin ne. Kusan biyu cikin uku na amsoshin daidai suke duk da matsin, kuma ɗaya cikin huɗu na mutanen bai taɓa bi ba ko sau ɗaya. Da Asch ya sa mutum guda daga cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin taro ya faɗi zuwa kusan rubu'in yadda yake a da. Ba yawan mutanen ne ya fi danne mutum ba, domin daga uku ko huɗu ƙari ba ya ƙara wani abin kirki. Rashin samun ko mutum ɗaya a gefensa ne. A hirar bayan gwaji, kaɗan ne suka ce idonsu ya ga abin da taron ya faɗa. Wasu sun zargi idonsu, wasu kuwa sun san gaskiyar, kunyar fita daban ce ta hana su. A 1955 Morton Deutsch da Harold Gerard suka raba abin gida biyu: bin mutane don ana zaton sun fi sani, da bin su don gudun a ware mutum.

Stanley Milgram ya yi aiki a ƙarƙashin Asch, kuma digirinsa na uku a Harvard kan kwatanta bin jama'a ne tsakanin mutanen Norway da na Faransa. Abin da ya dame shi shi ne tsawon layi ba ya cutar da kowa. Ya fara nasa gwajin a Jami'ar Yale a 1961, shekarar da ake shari'ar Adolf Eichmann, jami'in Nazi da ya kare kansa da cewa umarni ya bi, a birnin Ƙudus. An yi talla a jaridar New Haven ana neman maza don binciken koyo da hadda, ladan dala huɗu da kuɗin mota. Wanda ya zo sai a jefa ƙuri'ar bogi ya fito malami, ɗan haɗin baki ya fito ɗalibi, a ɗaure shi a kujera a wani ɗaki. Gaban malamin akwai na'ura mai maɓalli 30, daga bolt 15 zuwa 450, kuma duk kuskuren ɗalibi sai a ƙara ƙarfin wutar. Babu wutar da ke isa ga ɗalibin, amma malamin bai sani ba, domin shi kansa an ɗana masa bolt 45 ya ji. In ya nuna zai tsaya, wani mutum sanye da rigar ɗakin gwaji mai ruwan toka yakan ce masa ya ci gaba. A rahoton 1963, mutum 26 cikin 40 sun kai maɓallin ƙarshe, wasu na gumi, wasu na rawar jiki, wasu na dariyar da ba ta daɗi ba.

Kashi 65 ɗin nan shi duniya ta haddace, amma Milgram ya sauya tsarin sau da yawa, kamar yadda ya bayyana a littafinsa na 1974. Da aka koma wani ofis maras suna a Bridgeport, biyayya ta sauko ƙasa da rabi. Da malami zai danna hannun ɗalibin a kan farantin wutar da kansa, ta koma kashi 30. Da mai ba da umarni ya fita yana magana ta tarho, kusan kashi 20, har wasu na danna ƙaramin maɓalli su yi masa ƙarya. Da aka sa abokan aiki biyu suka tubure, kashi 10 kacal suka kai ƙarshe. Abin da Asch ya gani ne ya sake fitowa.

Suka ta biyo baya nan da nan. A 1964 Diana Baumrind ta ce an jefa mutane cikin ƙunci da yaudara ba tare da kula da halin da za su shiga ba, kuma wannan muhawara na cikin abubuwan da suka tsaurara dokokin gwaji da 'yan Adam. Gwajin kurkukun bogi na Philip Zimbardo a Stanford a 1971, wanda aka shirya na mako biyu aka tsayar a kwana na shida, shi ma ya sha suka ƙwarai: binciken Thibault Le Texier na 2018 ya nuna an koya wa masu gadin yadda za su takura wa fursunonin.

A Turai kuwa aka juya tambayar: shin 'yan tsiraru na iya jan masu rinjaye? A 1969 Serge Moscovici a Paris ya nuna cewa mutum biyu cikin shida, in suka dage ba sauyi suna kiran shuɗi kore, sukan ja wani ɓangare na amsoshin masu rinjaye; in suna kwan-gaba kwan-baya, tasirinsu ya ɓace. A 1996 Rod Bond da Peter Smith suka tattara gwaje-gwaje 133 irin na Asch daga ƙasashe 17, suka ga bin taro ya fi yawa a al'ummomin da ke fifita dangi da jama'a a kan mutum ɗaya, kuma ya ragu a Amurka tun bayan shekarun 1950.

Na Milgram ma an sake buɗe shi. Gina Perry ta saurari faya-fayen da aka adana a Yale, ta ruwaito a littafinta na 2012 cewa mai rigar tokar yakan wuce kalmomin da aka rubuta masa ya matsa wa mutane, kuma wasunsu sun yi shakkar wutar ta gaske ce. A 2009 Jerry Burger ya wallafa maimaicin gwajin da ya yi a Jami'ar Santa Clara, yana tsayawa a bolt 150, ya samu kashi 70 na shirin wucewa. Da aka koma kan maganganun da aka ɗauka a wannan maimaicin, sai aka ga mutane sun fi ci gaba in an roƙe su ko an ce binciken na buƙata. Waɗanda aka kai ga ce musu ba su da zaɓi, wanda shi ne umarni tsantsa, babu wanda ya ƙara danna maɓallin.