Karon nutron da furoton a matsayin ma'auni

Karon nutron da furoton shi ne abin da ke faruwa idan nutron ya bugi ƙwayar tsakiyar atam ɗin haidurojin, wato furoton, kowanne ya kama gabansa. Da shi James Chadwick ya gano nutron a 1932, ganin yadda furoton ke fitowa daga kakin farafin. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta ɗauke shi mudun da ake auna sauran karon nutron da shi, a kuzarin nutron daga 1 keV zuwa 20 MeV, an kuma sabunta alƙalumansa a 2006 da 2017. A ƙaramin kuzari abin dogaro ne ƙwarai. Wajen 14 MeV kuwa awon kusurwar tarwatsewa ya sha saɓawa tsakanin ɗakunan gwaji, kuma kuskure a nan yakan shiga duk awon da aka jingina masa. Cibiyar CERT ta Zariya, mai injin nukiliya NIRR-1 tun 2004, na cikin masu aiki da bayanan nutron.