Masai Ujiri: Daga Filin Zariya Zuwa Kofin Amurka

Makalarmu ta wannan mako a kan ƙwallon kwando take, da wani yaro da ya tashi a Zariya.

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Yana ƙarami iyayensa suka dawo da shi Zariya. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, sai da ya kai shekara 13 ya kama ƙwallon kwando, a hannun Oliver Johnson, kociya Ba'amurke da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello.

Daga nan ya tafi Amurka, ya buga wa kwalejin Bismarck, sannan ya yi kimanin shekara shida yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai. Bai taɓa buga gasar NBA ba. Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya koma zaƙulo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba albashi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. A 2003 ya kafa Giants of Africa don horar da yaran Afirka. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajan NBA, ya koma Toronto Raptors. A 2019 Toronto ta doke Golden State Warriors ta ɗauki kofi, karo na farko da kofin ya bar Amurka.

To, mu a ina muka san duk wannan? A rubuce-rubucen Turanci. Filin yana Zariya, amma alƙaluman wasu ne suka adana labarin.

Haka muke yi wa namu na gida. Da ba don waƙar Ɗan Anace ba, mu nawa ne za mu san Shago? A Anka da Gummi da Bukkuyum akwai tsoffin 'yan dambe da 'yan kokawa da suka girgiza fage bayan kaka, yau suna zaune a zaure ba mai tambayarsu. Ranar da aka binne ɗaya, an binne littafi guda.

Don haka aikinmu na wannan mako: kowa ya nemi dattijo ɗaya, ya tambaye shi sunan ubangidansa, fagen da ya fara, da shekarar da ya daina. Mu rubuta ko da shafi ɗaya ne.

Allah ya ƙara mana basira.