Rufewar Kawu da Injin da Ke Gini Sahu-Sahu

A ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari ba a fara ginin rufewa sai an gama kaka, hunturu ya kama. Kawuna ne maginin unguwarmu, ni kuma tun ina ɗan shekara goma nake miƙa masa curin ƙasa. Kwanaki kafin a soma, an riga an haƙo jar ƙasa, an zuba mata ramno, an tattake ta da ƙafa, an bar ta ta jiƙu. Yakan damƙi kaɗan ya murza a tafin hannu, ya girgiza kai ya ce, "Ba ta yi ba tukuna, ɗan nan. A ƙara mata kwana."

Da farko ana jera manyan duwatsu, a shimfiɗa itace a kansu, domin gindin ya rabu da danshi da gara da ɓera. Daga nan sai bango. Babu tubali ko ɗaya a ciki. Kawu yakan mulmula ƙasa ta yi tsawo, ya kewaya da ita a kan bangon jiya, yana matsewa da yatsu ciki da waje. Kowane sahu yakan ɗan leƙo waje fiye da na ƙasansa har cikin rufewar ya buɗe kamar randa, sannan ya fara janyo shi ciki har ya tsuke ya zama wuya, inda za a kifa jinka. Kaurin bangon bai wuce 'yan yatsu ba, amma yana ɗaukar dammunan dawa na shekara.

Wahalar aikin tana wajen sanin lokacin dakatawa. In aka ɗora sahu a kan ɗanyen bango, sai ya zauna ya tumbatsa. In aka bari ya bushe ƙarau, sabon ba zai kama tsohon ba, damina na zuwa ya tsage ta nan. Saboda haka kawu ba ya wuce ɗani ɗaya ko biyu a yini, ko da mai gida na gaggawa. Na sha ji ana cewa, "Malam, a ƙara ko kaɗan mana," shi kuwa ya wanke hannu ya ce sai gobe in Allah ya kai mu.

A zamanin gandu, rufewa ita ce asusun gida, kuma mai gida kaɗai ke ba da izinin buɗe ta, galibi sai damina ta faɗi ana noma. Yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, da farin 1973 sun koya wa mutanen ƙasar Hausa cewa gidan da ke da hatsin bara a ajiye shi ke kai labari.

Abin da ya dawo mini da wannan duka shi ne wani gida da aka kammala a 2021 a Massa Lombarda ta ƙasar Italiya, mai suna TECLA. Kamfanin WASP da mai zanen gine-gine Mario Cucinella suka yi shi. Wani inji ne da kwamfuta ke tuƙawa ya gina shi, yana fitar da kwaɓaɓɓiyar ƙasar wurin, gauraye da ƙaiƙayin shinkafa, yana kewayawa sahu bisa sahu har 350, kowanne milimita 12, cikin awa 200. Da na ga hoton sai gabana ya faɗi: ƙubba biyu ne masu buɗaɗɗen ciki da tsukakken wuya. Dabarar ƙera abu sahu-sahu da inji ta samu babban ci gaba a 1984, lokacin da Chuck Hull a Amurka ya nemi rajistar hanyar daskarar da ruwan roba da haske. Yau da ita ake yin haƙoran roba da sassan injin jirgin sama. Amma masu binciken gini da ƙasa ko siminti har yanzu suna fama da tambayar kawu: yaushe sahun ƙasa zai iya ɗaukar na sama, bai kuma bushe har ya ƙi kama shi ba?

Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna ɗibar farar ƙasar Ƙanƙara suna gwaji da ita, abin a yaba. Ina fata wata rana ɗalibansu su zauna da tsofaffin maginan Sabuwa da Faskari, su auna danshin da hannun magini ke kira "ta yi", su rubuta. Lokaci na ƙurewa. Masara ta mamaye gonakin, ana sussuka ta a ɗura a buhu a kai kasuwar Ɗandume ko Sheme. 'Yan bindiga kuma sun ƙone rumbuna da yawa a ƙauyuka, har manomi ya gwammace ya kama hayar shago a Funtuwa ya ajiye amfaninsa.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rufewa ɗaya daga cikin waɗanda na miƙa wa ƙasa tana nan tsaye a bayan gidanmu, jinkar ta zube, babu komai a ciki. Ran da na je na ƙarshe na hau tsani na leƙa ta wuya. Ta ciki, inda ba a yi yaɓe ba, sawun yatsunsa na nan a jere a kan kowane sahu.